Kafin ka rataya allolin Japan a bangon ɗakinka

 

A watan jiya na je ganin ɗakin wata 'yar ƙanwar babata da aka kai gidan miji. Masu jere sun yi aiki, babu laifi. Kujeru ruwan toka, labule ja da baƙi, ga ƙamshin turaren wuta ko'ina. Da muka shiga uwar ɗaka sai na tarar da wani ƙaton hoto cikin firem, daidai saman gado: fuska ja mai ƙaho biyu, baki a wangale, haƙora a waje, an kewaye ta da furanni. Na ce, "Ke kuwa, wannan fa?" Ta ce, "Yaya, zanen Japan ne, a intanet muka gani. Kalarsa ce ta shiga da labulen."

Sunan wannan fuska Hannya. A wasan kwaikwayon gargajiya na Japan da ake kira No, ita ake ɗaura wa ɗan wasa idan zai fito a matsayin macen da kishi ya ci ta har ta rikiɗe ta zama aljana. Ɗaya daga cikin shahararrun wasannin da ake sa ta shi ne Aoi no Ue, wanda aka ciro daga Labarin Genji na Murasaki Shikibu, littafin da mace ta rubuta shekara dubu da suka wuce. A cikinsa kurwar wata mata da Genji ya juya wa baya ce take tashi ta je ta addabi matarsa ta aure tana kwance ba lafiya. Su Japanawa, amaryarsu ta gargajiya wani farin ƙyalle take ɗaurawa a ka ranar biki, ana ce masa tsunokakushi, wato maɓoyin ƙaho, don a nuna ta rufe ƙahon kishi. Tamu amaryar kuwa kuɗi ta sa ta sayo ƙahon, ta kafa shi a kan gadon aurenta. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ban kawo labarin don a yi mata dariya ba, ita ba marubuciya ba ce. Na kawo shi ne saboda irin waɗannan hotuna sun fara cika bangon ɗakunanmu mu da muke kiran kanmu masu alƙalami, kuma daga bangon ɗaki suna tsallakawa bangon littafi. Ku leƙa Wattpad ku gani: labarin soyayyar Kano, amma a bango ga wata mai kimono riƙe da takobi, jar rana a bayanta. Ka tambayi mai littafin wace ce, sai ya ce ta dai yi masa kyau. Matsayata a taƙaice ita ce: duk hoton tatsuniya yanki ne na labari, kuma marubucin da ya rataya shi bai san labarin ba yana koya wa kansa ɗabi'ar da za ta kashe masa rubutu.

Mu ɗauki wadda ta fi kowa yawa a shagunan intanet, Amaterasu, mace mai haske a bakin kogo. Labarinta yana cikin Kojiki, littafin da aka kammala a shekarar 712, da Nihon Shoki na 720. Ƙaninta Susano'o ne ya yi ta ɓarna a sama, ya rushe mata kunyoyin gonar shinkafa, ya feɗe doki ya jefa cikin ɗakin saƙarta. Ta yi fushi ta shige kogo ta rufe, duniya ta yi duhu. Sauran alloli suka taru a bakin kogon suka rasa dabara, har wata mai suna Ame-no-Uzume ta kife baho ta hau kai ta kama rawa tana tuɓe tufafi, taron ya fashe da dariya. Amaterasu ta ji dariya a lokacin da ya kamata a yi kuka, ta buɗe kaɗan ta leƙo, aka tara mata madubi, ta tsaya kallon kanta, wani ƙaƙƙarfa da ya laɓe ya fizgo ta waje. Duba yadda aka gina labarin nan. Ƙarfi bai buɗe kogon ba, roƙo bai buɗe shi ba, son jin gulma ne ya buɗe shi. Wannan darasi ne na gina hali da warware ƙulli wanda ya isa a yi masa zama guda a zauren nan. Mai sayar da hoto ya yanke duk wannan, ya bar maka kyakkyawar mace da hasken rana.

Kuma labarin bai tsaya a kogo ba. Gidan sarautar Japan daga Amaterasu yake jawo salsalarsa. Madubin nan, a imanin mabiya addinin Shinto, yana ajiye a wurin bauta na Ise, wanda ake sake gina shi sabo duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma miliyoyin mutane suna ziyartarsa kowace shekara. Bayan juyin 1868 gwamnati ta mayar da tatsuniyar tarihin hukuma. Tsarin mulkin 1889 ya ayyana sarki a matsayin mai tsarki wanda ba a taɓawa. A 1892 wani malamin tarihi, Kume Kunitake, ya rasa kujerarsa a jami'ar Tokyo saboda maƙalar da ya rubuta a kan asalin Shinto. A 1940 aka haramta littattafan wani masanin, Tsuda Sokichi, don ya nuna cewa labaran farko na Kojiki tsararru ne da aka shirya don kafa hujjar sarauta, kuma a 1942 kotu ta same shi da laifi, shi da mawallafinsa. Da sunan zuriyar rana aka tura sojoji Koriya da ƙasar Sin da sauran ƙasashen yankin. Sai ranar 1 ga Janairun 1946, bayan an sha kashi a yaƙi, Sarki Hirohito ya fitar da sanarwar da ta yi watsi da cewa shi abin bauta ne a siffar mutum. Jar ranar nan mai zara-zaran haske da masu zane ke son sawa a bayan hoto ita ce alamar tutar sojan wancan zamani, kuma har gobe Bakoriye ko Basine yana iya ganinta ransa ya ɓaci. Marubuta sun tsaya gaban alƙali a kan wannan labari. Kai kuma marubucin yau ka saye shi saboda ya dace da kalar kujera.

Hukuncin rataya hoton mai rai, balle na abin bautar wasu, fagen malamai ne, kuma kowa ya san inda zai kai tambayarsa. Amma ko tambayar za ka kai, ai sai ka san abin da ke jikin bangon tukuna. Wanda bai san cewa matar nan ana yi mata bauta a yau ɗin nan ba, ko tambayar ma ba za ta zo masa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini. Za su ce ai tun asali hotunan nan kayan kasuwa ne. Gaskiya ne. Zanen da ake kira ukiyo-e, wanda ya bunƙasa a birnin Edo, Tokyo ta yau, aikin mutum huɗu ne: mawallafi ya sa jari, mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa a jikin allon katako, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda, kowane launi da allonsa. Ana buga ɗaruruwa, ana sayarwa da araha, talaka yana saye ya liƙa a ɗaki. Ba ni da ja a kan wannan. Amma talakan Edo ya san abin da ya saya, kuma sanin ne ya sa ya fitar da kuɗinsa.

Ga misali. A watan Nuwamban 1855 girgizar ƙasa ta rushe Edo, dubban mutane suka mutu. Cikin 'yan kwanaki kasuwa ta cika da hotunan wata ƙatuwar tarwaɗa. A tatsuniyarsu, tarwaɗar tana kwance a ƙarƙashin ƙasa, abin bautar Kashima ya danne ta da dutse, idan ta motsa ƙasa ta girgiza. Girgizar ta faɗo a wata na goma na kalandarsu, watan da ake cewa alloli duk suna tafiya taro a Izumo. Sai masu zane suka nuna Kashima ya yi tafiya ya bar wa Ebisu gadi, shi kuwa ya ɓingire da barci. A wasu hotunan jama'a sun taru suna jibgar tarwaɗar, kafintoci da magina suna ba ta haƙuri ko suna shan shagali da ita, tunda rushewar gari ta buɗe musu kasuwa. A wasu kuma tarwaɗar tana matse attajirai suna amayar da kuɗi. Kowa ya gane wa ake nufi da mai gadin da ya yi barci. Ba a daɗe ba hukuma ta hana bugawa. Yau idan ka ga tarwaɗar nan a shagon intanet, an rubuta mata "kifin sa'a, ya dace da ɗakin cin abinci".

Kafin wannan, a 1843, Utagawa Kuniyoshi ya zana jarumi Raiko yana gyangyaɗi, wani aljanin gizo-gizo yana saƙa masa mafarkin dodanni a kansa. A lokacin gwamnati ta ƙaƙaba dokokin tsuke bakin aljihu, har ta hana buga hotunan 'yan wasan kabuki. Mutanen gari suka karanta hoton a matsayin habaici: mai gyangyaɗin shi ne shugaban mulkin soja, dodannin kuwa masu sana'o'in da dokar ta kashe. Hoton ya yi kasuwa har mawallafin ya tsorata ya janye shi. Wannan zambo ne, irin wanda mawaƙan fada suka iya, a zagi mutum ba a kama suna ba. Wanda ya rataya shi don dodannin sun burge shi kamar wanda ya sa waƙar zambo ce a bikin wanda aka yi wa ita, yana rawa.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 1887 a birnin Paris, Van Gogh ya kwaikwayi zanen Hiroshige guda biyu, ya kewaye su da rubutun Japananci da ya kwaso daga wasu hotuna, alhali ba ya iya karanta ko harafi ɗaya. To in babban mai zane ya yi, mu su wa? Amsata ita ce ku dubi abin da ya yi da sauran hoton. Ya tara ɗaruruwan irin waɗannan bugu, ya zauna ya bi layinsu ɗaya bayan ɗaya, ya koyi yadda suke shimfiɗa launi da yadda suke yanke bishiya a gaban hoto, abin ya shiga hannunsa ya canza masa zane har ƙarshen rayuwarsa. Sana'arsa launi da layi ce, kuma a nan ya yi karatun. Rubutun gefen da bai fahimta ba shi ne ɓangaren da bai ƙara masa komai ba. Mu sana'armu labari ce. Idan za mu yi koyi da shi, labarin za mu zauna mu bi layi-layi. Abin da muke yi yanzu shi ne kwafar rubutun gefen kawai.

Ga kuma sabuwar musiba. Da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan tatsuniyar Japan babu Bajapanen da ya taɓa shi, na'urar ƙirƙirarriyar basira ce ta harhaɗa. Za ka ga rubutu a gefe wanda ba ya karantuwa a kowane harshe. Za ka ga an juya hoto hagu ta koma dama, kimono ta koma ɓangaren dama a kan na hagu, alhali a Japan gawa kaɗai ake yi wa irin wannan ɗauri. Za ka ga Babbar Igiyar Ruwa ta Hokusai a jerin "alloli da aljanu", alhali hoto ne na masu jiragen dakon kifi da Dutsen Fuji, wanda aka buga wajen 1831, babu aljani ko ɗaya a ciki. Ka yi tunanin wani a Osaka ya rataya hoton Bahaushe da rawani a ƙugu, da wasu ƙwarƙwashe-ƙwarƙwashe a ƙasa wai ajami ne, ya ce ai dai ya yi kyau. Yaya za ka ji?

Su masu abin ma ba haka suke yi ba. A gidan gargajiya na Japan akwai wani ɗan lungu a ɗakin baƙi da ake kira tokonoma, inda ake rataya zane ɗaya tak, ana sauya shi gwargwadon yanayin shekara ko irin baƙon da ake jira. Hoton Shoki mai korar aljanu ana fito da shi ne lokacin bikin yara maza a watan Mayu. Hoton jirgin allolin sa'a bakwai a ƙarƙashin matashi ake sa shi a farkon sabuwar shekara don a yi mafarki mai kyau. Hotunan fatalwa da mai ba da labari San'yutei Encho ya tara suna wurin ibada na Zenshoan a Tokyo, kuma a watan Agusta ake buɗe su ga jama'a, lokacin tunawa da matattu. Kowane hoto da lokacinsa da wurinsa da aikinsa. Ba kwasar karan mahaukaciya ake yi ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na kawo maganar nan zaure. Bayan an kori Susano'o daga sama, ya sauka a ƙasar Izumo. Ya ga tsinken cin abinci yana bin ruwan kogi, ya gane akwai mutane a sama, ya bi. Ya tarar da tsoho da tsohuwa suna kuka: maciji mai kai takwas da wutsiya takwas ya cinye musu 'ya'ya mata bakwai, shekara-shekara, ga ta takwas lokacinta ya yi. Ya ce a ba shi aurenta zai kashe shi. Ya mayar da ita matsefi ya soke a gashinsa, ya sa aka cika randuna takwas da giya, macijin ya tsoma kowane kai a randa ya bugu, ya daddatsa shi, ya tsinci takobi a cikin wutsiya. Takobin nan yana cikin kayan sarauta uku na Japan. Tsukioka Yoshitoshi ya zana faɗan a 1887, kuma yana cikin waɗanda ake yawan sake bugawa.

Baƙo ya zo daga nesa, ya tarar maciji ya addabi gari, ya kashe shi, ya auri mace, sarauta ta kafa hujja da labarin. Akwai Bahaushen da bai ji wannan a gida ba? Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ana zuwa ana leƙawa. Ban ce wani ya kwafi wani ba. Na ce marubucin da ya san labaran biyu yana da abin rubutawa na shekara: me ya sa nasu macijin 'yan mata yake ci, namu kuwa ruwa yake hanawa sai ranar Juma'a? Me ya sa nasu jarumin da dabara da giya ya ci nasara, namu da wuƙar da maƙera suka ƙera masa? Wa ya tambayi Daurama ra'ayinta, wa ya tambayi wadda aka mayar matsefi? Wanda ya rataya hoton don ado bai ma san yana kallon ɗan'uwan Bayajidda ba.

Ku tambayi kanku dalilin da ya sa dodannin Japan suke sayuwa a duniya, Dodon namu kuwa ko a kasuwar Sabon Gari ba ka ganin zanensa. Ba don nasu sun fi ban tsoro ba ne. An yi musu hidima ne hannu bayan hannu. Toriyama Sekien ya fara fitar da kundin zanen aljanunsu a 1776. Yanagita Kunio ya rubuta labaran ƙauyen Tono daga bakin wani saurayi ɗan garin, ya buga a 1910. Mizuki Shigeru ya mayar da su littattafan barkwanci na zane, har garinsu Sakaiminato ya jera gumakansu a titi. Miyazaki ya zuba su a fim ɗin da ya ci Oscar a 2003. Ƙannenmu masu kallon Naruto sun haddace sunayen Amaterasu da Susano'o a matsayin dabarun faɗa. Hoton bango shi ne wutsiyar wannan doguwar tafiya, rubutu ne kanta. Mu ma an fara mana. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinmu cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya yi nasa tarin, Abubakar Imam ya nuna a Magana Jari Ce yadda ake aro labarin Larabawa ko na Turawa a narkar da shi har ya zama ɗan gida. Imam bai yi ado da kayan aro ba, karanta su ya yi har ya mallake su. Daga nan fa? Mu nawa ne a zauren nan muka rubuta wa Gizo da Ƙoƙi sabon labari wanda babba zai karanta ya kasa ajiyewa?

Ɗabi'ar iri ɗaya ce ko a ina ta fito. Hannun da ya rataya Hannya don kalar labule shi ne hannun da zai kai jarumarsa Dubai bai san sunan titi ɗaya ba, ya ba jarumi ciwon zuciya bai tambayi likita ba, ya jefa aljani a babi na goma saboda labari ya maƙale. Kayan aro ba ya rufe katara, mai karatu yana hango inda ya gaza.

Ban ce kowa ya tsani zanen Japan ba. Ni kaina ina iya ɓata awa guda a kan zanen Yoshitoshi ɗaya. Sharaɗina uku ne, ga bangon ɗaki da bangon littafi baki ɗaya. Ka san waye a cikin hoton. Ka san wanda ya zana shi da zamanin da ya zana. Ka iya faɗin abin da ya faru kafin wannan lokaci da aka kama a hoton da abin da ya biyo baya. Idan baƙo ya tambaye ka ka kasa amsa ukun nan, sauke shi ka je ka yi karatu. An fassara Kojiki zuwa Ingilishi tun 1882, kuma manyan gidajen tarihi sun sa hotunan nan a intanet kyauta da bayaninsu. Kuɗin data ɗin bai kai kuɗin firem ba.

Aikin wannan mako: duk mai irin wannan hoto, a bango ko a waya ko a kan littafinsa, ya kawo shi nan ƙasa da amsar tambayoyin uku. Wanda ba shi da shi ya rubuta mana shafi ɗaya a kan daren da aka kashe macijin Kusugu, daga bakin tsohuwar da ta sauki baƙon. Masu ganin na yi tsauri kuma ƙofa a buɗe take, a zo da hujja.

Amaryarmu dai na ba ta labarin Hannya daga farko har ƙarshe. Ta yi salati ta riƙe baki, sannan ta ce sai maigidan ya dawo su yi shawara, tunda kuɗi aka sa. Ranar da na koma na tarar hoton yana bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.